Dattijuwa da Baƙuwa a Teburina

Litinin, 3 ga Maris
Tambayoyin jarrabawa sun iso, darasi goma sha ɗaya, duk rubutun hannu. Shugaban makaranta yana son in gama buga su kafin Juma'ar sama. Dattijuwa, kwamfutar ofis, ta sandare sau biyu kafin azahar. Ko a jikina. Shekara tara muna tare, na san halinta: ina kai aya, yatsana ya danna ajiya.

Laraba, 5 ga Maris
Auta, ƙanwata, ta ara mini ƙaramar kwamfutarta. Tsarin cikinta daban ne da wanda na saba, komai ba ya inda na san shi. Wai, "Yaya, wannan ko wata guda ka bar ta a kunne ba za ta yi tari ba." Cika baki! Na manna takarda a bango na raba ta biyu, duk wadda ta sandare in ja mata layi. Na sa mata suna Baƙuwa.

Alhamis, 6 ga Maris
Baƙuwa ba ta san firintarmu ba. Na yi juyin duniya, ko gezau. Dattijuwa kuwa dannawa ɗaya, takarda ta fito. Daɗi ya sa har na kira Auta na yi mata dariya. Wannan ba sandarewa ba ce, na sani, amma na ja wa Baƙuwa layi.

Asabar, 8 ga Maris
Dattijuwa biyar, Baƙuwa ɗaya. Ai tsufa ne.

Talata, 11 ga Maris
Yau na ga tashin hankali. Ina shafin ƙarshe na lissafi, Dattijuwa ta ce za ta sabunta kanta, ba sallama ta mutu. Da ta farfaɗo, takardar ta ƙi buɗuwa. Shafi shida, aikin kwana biyu, duk danne-dannen ajiyata bai tsinana komai ba. Malamin lissafi yana tsaye a kaina: "Malam, na fa yaga shafukan rubutun hannun da ka gama da su tun jiya." Gumi har cikin takalmi.
Na kwashe a filashi na kai wa Baƙuwa, kunya kamar in nutse. Ta buɗe. Rabin layi kawai ya ɓace.

Juma'a, 14 ga Maris
An gama, alhamdu lillahi. Baƙuwa ta rubuta, Dattijuwa ta buga, kowa da aikinsa. Shugaba ya ce, "Bana ba mu ji ihunka daga ofis ba." Raina fes.

Litinin, 17 ga Maris
Auta ta zo karɓar kayanta. Na ce ta bari sai an fitar da sakamako, ba don komai ba. Ta kalli takardar bango ta yi murmushi.
Bayan ta tafi na lura na rubuta shafi uku ban danna ajiya ko sau ɗaya ba.
Na goge layin nan na ranar Alhamis. Dama da fensir na ja shi.