Buriton Rosa Ya Ƙwace Mini 'Yan Aji

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya maigida da yara, ya zafin Maraɗi? Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya lau, sai kewarku.

Abin da kika gani a hoton nan ba shawarma ba ce, Yaya. Sunansa burito. Wannan ƙaton na jihar Sonora ne a arewacin Meziko, inda maƙwabciyata Rosa ta fito, kuma ta ce a bakin titi ake sayar da shi can. Gurasar alkama ce siririya mai faɗin faifai, a naɗe gasasshen nama da cuku da fiya a ciki. Wasu kaza suke sawa.

Kin san duk Asabar ina toya wa 'yan ajina na Hausa masa. Makon jiya Rosa ta shigo da buritonta. Na yi wuf na ce, "Yara, ku dakata, ba mu san yankan ba." Ta yi murmushi, ta ce a shagon halal na titin Wendover ta sayi naman saboda mu. Dole na bar yaran suka ci.

Har Nafisata ta ce, "Mama, wannan ya fi masa daɗi." Da Hausa tsantsa ta faɗa, yarinyar da kullum take amsa mini da Turanci! Masata ta huce a kwano. Na ɗanɗana, kuma wallahi da daɗi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ki gwada shi da tsire, ki gaya mini gaskiya. Ki taya ni addu'a yaran nan su dawo wa masata. A gaida Inna da kowa.

Ƙanwarki,
Zainabu