Inna, Ƙaninki Ya Kai Murtala Wurin Mai Gyaran Rediyo

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Balkisu, wadda muke kira Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwarta, da fatan makwancinki ya yi faɗi, ya yi haske. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na rubuta ta ne inda jama'a za su gani, domin akwai wanda nake so a karanta masa ita a majalisarsa. Kin san shi, nono ɗaya kuka sha.

Kin tafi kin bar mana Yaya Murtala da ciwonsa, kuma babu wanda ya kai ki sanin ciwon nan. In ya taso, barci ya ƙaurace masa, ya wayi gari ido jajur yana ta zuba, shi zai saye gonakin Aliero kaf, shi zai kai albasa har bakin teku. In ya sauka, ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya, ko ruwa sai an lallashe shi. Likitoci suna ce wa ciwon baifola. Ke ba ki taɓa riƙe sunan ba. Abin da kike cewa kawai shi ne, "In Murtala ya yi kwana, ni ma na yi."

Bayan rasuwarki, ni da matarsa Hajara muka ci gaba da kai shi asibiti Sakkwato. Maganin ya karɓe shi, Inna. Ya koma gona, ya yi noman rani, ya cika rudu, rumbun da ake ajiyar albasa, yana jiran ta yi daraja. Barcin ne kawai bai daidaita ba. Yakan ɗan runtsa ya farka, ya wuni kamar wanda aka yi wa duka. Ya gaji, gajiyar da mai lafiya ba zai gane ba.

Sai wani bidiyo ya fara yawo a wayoyi. Wata Baturiya zaune da ɗauri a kai, wani yana bayani da Hausa cewa an gano na'urar da ke taɓa ƙwaƙwalwa daga waje, ba yanka ba allura, mutum ya samu barci. Murtala ya turo mini shi, ya sake turowa. Da muka koma asibiti ya nuna wa likitarsa. Ba ta yi masa dariya ba. Ta ce abin gaskiya ne, akwai mai aiki da maganaɗisu, akwai mai sakin wuta 'yar kaɗan da aka auna, wadda da ƙyar fata ke jin ta. Ta ce ana kan gwada shi ga masu irin ciwonsa, wasu sun ce barcinsu ya gyaru, amma ba a gama tabbatarwa ba, kuma akwai wanda abin zai iya tayar wa da ciwo. Ta ce su ba su da na'urar, kuma ko da suna da ita, ba za ta maye gurbin ƙwayoyinsa ba. Ya dawo gida jikinsa a sanyaye.

Nan ƙaninki ya shigo, Kawu Ladan.

Kin tuna shi ne ya ce a sa wa Murtala mari a ƙafa tun kina raye, kika kore shi daga zaure. Mutumin da bai taɓa shiga mota ya raka mu Sakkwato ba, bai taɓa tambayar sunan magani ɗaya ba, sai ga shi rana tsaka ya zama masanin ƙwaƙwalwa. Ya ce ya samo mai na'urar a Jega Sabon Gari, mu ne ba mu da labari.

Na ga shagon daga baya da idona. Mai gyaran rediyo ne, Inna, wanda sana'a ta mutu masa tun da mutane suka koma waya. Ya sa an zana masa hoton ƙwaƙwalwa a allo, ta fito kamar tulin hanjin akuya, ya rubuta Dokta a gaban sunansa. Na'urar kuwa batirin babur ce, da wayoyi biyu, da soson wanke-wanke da ya yanka biyu yana tsomawa a ruwan gishiri, da robar tayar keke ta ɗaure kai. Farar rigar da yake sawa har da tabon manja a aljihu. Wannan shi ne wanda ƙaninki ya ga ya fi likitar da ta yi shekaru tana duba ɗanki.

Kawu ya zo ya ɗauki Murtala a babur, ya ce wa Hajara za su Jega tambayar taki. Ni ina Maiyama wurin koyarwa, ban sani ba. Mai rediyo ya kafa sharaɗi, wai sai an bar ƙwayoyin asibiti domin suna toshe hanyar wuta. Kawu ya ce haka ne, shi ma ya daɗe yana zargin ƙwayoyin nan. Murtala kuwa mutum ne da ke neman barci ido rufe, ko me aka miƙa masa zai karɓa. Ban ga laifinsa ba, kuma ba zan bari a ɗora masa ba.

Suka yi ta zuwa. Hajara ce ta fara lura ba ya cire hula ko a ɗaki. Ranar da ya ture ta zai yi alwala, ta ga ƙuna biyu a goshinsa, fatar ta saɓule tana ruwa. Ta duba kwalbar magani ta tarar ba ta ragu ba. Kafin ta kira ni in iso Aliero, ciwon ya riga ya taso.

Ya buɗe rudun nan, Inna. Albasar da ya sha rana a kanta, ya tsaya bakin hanya yana kiran duk mai mota da mai amalanke ya zo ya ɗiba, wai shi an buɗe masa taskar da ba ta ƙarewa. Kuma suka ɗiba. Mutanen da suka san shi, suka san ki, suka ci tuwonki ranar suna, suka ɗiba suna sunkuyar da kai. Su ma ina gaishe su.

Daga nan ya ɓace. Muka bi Jega, muka bi tasha, muka bi bakin gulbi, Hajara tana tafe tana kuka ba sauti. Wani dattijo a Gumbin Kure ne ya gan shi da hantsi a gefen gonarsa, ba takalmi, ƙafafu sun fashe, murya ta dishe yana ta magana shi kaɗai. Ya gane shi saboda kamar da yake yi da Baba. Ya zaunar da shi a inuwa, ya ba shi fura, ya aiko mana.

Da muka kai shi Sakkwato likitar ta ga goshinsa, nan take ta ba shi gado. Aka kwantar da shi. Ranar da hankalinsa ya fara dawowa, kin san abin da ya ce mata? Ya ce, "Likita, in na'urar ta gaskiya ta zo, ki tuna da ni." Ta ce za ta tuna, kuma za ta faɗa masa gaskiya ko ta dace da shi ko ba ta dace ba. Na fita waje don kada ya ga fuskata.

Ƙaninki bai leƙo asibiti ba. Da na same shi a gida, ya gyara zaman rawani ya ce, "Ni alheri nika nuhi. Ke mi kika sani? Ƙaddara ta." Yanzu a majalisa yana ba da labari cewa na'urar Turawa ce ta haukata ɗan yayarsa, shi ya sa tun farko bai yarda da kayan asibiti ba. Ana gyaɗa masa kai. Mai rediyo kuma ya kwashe allonsa ya dawo nan Maiyama, yanzu batirin na ƙara wa ɗalibai ƙwaƙwalwar jarrabawa ne. Na je na faɗa wa iyayen yaran ajina ɗaya bayan ɗaya, na kai ƙararsa inda ya kamata, ina jira.

Murtala ya dawo gida, Inna. Ya rame, tabon yana nan, albasar bana ta tafi. Amma yana shan maganinsa, an canza masa wani, likita ta yanka masa lokacin kwanciya da na tashi, ta hana shi shayi da yamma. Barcin yana zuwa kaɗan-kaɗan. Ya ce ya yafe wa Kawu. Ɗanki ne, zuciyarki ya ɗauko. Ni ban kai nan ba tukuna.

Makon jiya Kawu ya zo bayan sallar isha'i da ƙullin goro, wai ya zo dubiya, a taso masa ɗansa. Hajara, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle shi ba, ta fito ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kawu, ya kwanta. Ba a tashe shi." Ya ce ta san da wa take magana? Ta ce ta sani. Ya zauna a zaure yana jiran wani ya fito ya ba shi haƙuri. Babu wanda ya fito. Ya ɗauki goronsa ya tafi.

Da kin ga yarinyar nan, Inna. Kin iya zaɓen suruka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Allah Ya ba Murtala lafiya mai ɗorewa, Ya saka wa Hajara da dattijon Gumbin Kure, Ya ba masu neman maganin ciwon nan da gaskiya sa'a. Kawu kuma Allah Ya shirye shi, don ɗan'uwanki ne.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rukayya