Harshe Tsakanin Haƙora

Zuwa ga ɗana, farfesan gidanmu,

Bayan gaisuwa, yaya mahaifiyarka da ƙannenka? Ni lafiya ƙalau, in ban da gwiwa, ita ma ta gaji da ƙorafi.

Na roƙe ka ka riƙa kirana muna gwada hira, saboda jarrabawar Turanci da za a yi mana a masana'anta. Duk wanda ya faɗi, sallama ce. Sai ka turo mini darasi: wasali, baƙi, gaɓar kalma, aikatau. Sannu da ƙoƙari! Ni da na tsere daga aji huɗu ta taga, jiƙa su zan yi in sha?

Malamar da ke koya mana Turancin a nan ta miƙo mini madubi, wai in sa harshe tsakanin haƙora in hura iska. Waɗanne haƙoran? Sa'anninka da muke aji ɗaya suka yi ta dariya. Tasu na jure, shirunka ne ya tsaya mini a wuya.

Da kake koyon magana ban turo maka darasi ba, a cinyata ka zauna kana wanke ni da yawu.

Ka kira ni. In na faɗi gida zan dawo, kuma a ɗakinka zan tare.

Allah ya shirye ka.

Ubanka, ɗalibi mai furfura.