Tangaran a Firjin Yaya

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da na'urorinki. Tunda kin toshe lambata, ga takarda ta hannun direba.

Wai ni me na yi? Rufin ɗakin bincikenku yana yoyo, kika kawo min kwalba ajiya, da wasu baƙaƙen tangaran a ciki kamar maɓallan riga. Da bakinki kika ce sai a sanyi suke aiki, har maganaɗisu ya tsaya a iska a kansu. Ni kuwa sanyi ne sana'ata. Na juye su a faranti, na zura a firjin ƙanƙara, washegari na tara maƙwabta su ga ikon Allah. Ina sakin maganaɗisun ya faɗo ƙwal! Mai gyaran rediyo har da riƙe ciki. Wa aka kunyata, ni ko ke? Sai ga ki kin zo kina ce min jahili a gaban kwastomomi.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Mai Ƙanƙara

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka, gwargwadon yadda tarbiyya ta wajabta.

Sanyin da suke so na ruwan naitirojin ne. Kusa da shi, firjinka murhu ne. Danshi kuma shi ne ajalinsu, shi ya sa na liƙe kwalbar na ce kada a buɗe.

Abin da nake aunawa shi ne yadda zafi ke ratsa tangaran ɗin. Zafi yana tafiya a girgizar jikinsa, ƙwayoyin lantarki kuma suna ta bangazar girgizar, kamar masu tura baro a layinku. Idan sanyi ya kai, sai ƙwayoyin su haɗu bibbiyu su bar hanya, zafi ya wuce salin alin. Wannan gaɓar nake son kamawa.

Yanzu waɗanda na kwaso sun yi fari-fari, suna marmashewa. Tanderun da na gasa su a ciki ya mutu, wata mai zuwa kuma zan tsaya gaban masu jarrabawa. Ba awo, ba digiri. Ka gaya wa mai rediyo, ya ƙara dariya.

Wassalam.
Ƙanwarka

*

Zuwa ga Dakta Mai Jiran Gado,

Gaisuwa irin wadda kika aiko, ba ragi ba ƙari.

Na karanta laccarki, har da baro. Su ƙwayoyin lantarki ma sun san su shirya da juna, ke ce dai ba ki iya ba.

To buɗe kunne. Ɗan kasuwa ba ya baza hajarsa duka a rana ɗaya. Guda na bari a kwalbar, mafi girma, na mayar da murfi nan take. Yana nan a durowar ɗakina, baƙi wul, ko gumi bai taɓa shi ba. Haushi ya hana ki ƙirga abin da kika kwasa.

Kina so? Ki zo shago ranar da layi ya cika, ki tsaya inda kika tsaya, ki ce, "Yaya, na yi kuskure," yadda mai rediyo zai ji ba sai ya rage sauti ba. Kada ki haɗa ni da Mama, kada ki turo malaminki mai gilashi. In kin ƙi, firjina a kunne yake, farantin ma na wanke shi.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.
Jahilin yayanki

*

Yaya,

Barka da ciniki.

Jiya na biya ta gidanka kana shago. Anti, matarka, ta ce ta gaji da ganinka kana rungumar kwalba, ta miƙo min makullin durowa. Tangaran yana cikin naitirojin tun safe, awo yana fita tas.

Abin da ke kwalbarka yanzu gawayi ne, ni na musanya. Ka ci gaba da gadinsa, ba ya tsoron danshi.

Ka gaida mai rediyo.
Auta