Jan zoɓon Inna

Daga ƙanwarka Falmata a Gure, zuwa ga Yaya Bukar a Tarabulus. Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya baƙunta?

Madugu ya ba mu labarin maƙwabcinka ɗan Italiya, mai gauraya jar giyar inabin duwatsunsu, wai kowace giya da abincin da ake shan ta da shi. Allah ya raba ka da ita. Ni dai marigayiya Inna na tuna. Zoɓo da tsamiya take haɗawa, kuma ba ta bayarwa sai da gasasshen rago mai kitse. Ranar sunan ɗana na gwada. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye ƙwaryar.

A dā kai ne mai ɗanɗana wa Inna haɗinta, kai kaɗai za ka iya gaya mini abin da nawa ya rasa. A sa mu a addu'a, a gaida matarka. Ka dawo tun harshenka bai manta ba.