Alƙali Yana Son Ganin Babba a Gidana

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan da sauƙi, Baba yana gidansa yana fama da rediyonsa, Goggo kuma ta koma wajen ɗanta tun da idonta ya matsa mata.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne saboda duk ranar da na kira ki a waya kuka ke cin ƙarfina, sai in ce miki komai lafiya. Ba lafiya ba. Kin san mun rabu da baban yara, amma ba ki san cewa yaran ba sa hannuna ba. A zaman kotu na farko lauyansa ya miƙe ya ce ni nas ce mai aikin dare, wa zai kwana da yara in ina asibiti? Alƙali ya tambaye ni ko akwai babba a gidan da na kama, na ce maƙwabciya tana dubawa. Ya girgiza kai, ya ce kafin a yanke hukunci yara su zauna wajen ubansu, tun da mahaifiyarsa tana gidan. Aikin da na yi shekaru ina ciyar da mu da shi, Yaya, shi aka ɗauko aka doke ni da shi.

Ba zan ɗora masa sharri ba, yana son 'ya'yansa, a harabar kotu ma na ga yana share ido da hularsa. Amma kin san gidan. Shagonsa na kafinta manne yake da ɗakin yara, injin yankan katako na tashi ƙurar ta cika ko'ina, har a kan shinfiɗa. Auta kuwa asmarsa ba ta wasa. Da ina gidan, jiƙaƙƙen tsumma nake sa wa a ƙasan ƙofa, in kwashe shi zuwa falo in an kunna injin. Kakarsu ba ta ji sosai yanzu, yaro zai iya shiɗewa a bayanta tana tsintar wake ba ta sani ba.

Ana ba ni ganinsu a ofishin jami'ar kula da yara, wani ɗaki mai kujerun roba da fanka mai ƙara, ita tana zaune a gefe tana rubutu. Wancan zuwan takwararki, babbar 'yata, ta shigo da kitson da ta yi wa kanta, duk ya karkace. Ba ta yi kuka ba, ta zauna kamar baƙuwa. Da jami'ar ta fita amsa waya sai ta matso ta tambaye ni a kunne, in Auta ya shaƙi maganin sau biyu ƙirjinsa bai saki ba, ta ƙara masa ko ta jira? Ashe ita ke ba shi. Yarinyar da ni nake ɗaura mata igiyar takalmi bara. Na koya mata yadda za ta yi, muryata ba ta ko rawa, na fito na zauna a bakin kwalbatin titi na kasa tashi, har wata mai sayar da lemo ta zo ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Na je wajen shugabarmu na roƙe ta ta mayar da ni aikin rana kaɗai. Ta ce ta tausaya mini, amma ma'aikata sun yi ƙaranci, in jira sabuwar shekara. Na ce wa lauyata to zan ajiye aikin, ta ce in na ajiye za a ce ba ni da abin riƙe yara. Na ce a bar masa rabona na gidan da muka gina tare, ya ba ni 'ya'yana, ta ce kada in sake in faɗi haka a gaban alƙali, yara ba kaya ba ne da ake musaya, kuma da rabon nan ne zan sama musu muhalli. Duk inda na juya bango ne. Abu ɗaya ta ce zai sauya zancen: babbar mace ta jinina, wadda za ta zauna a gidana, ta tsaya a kotu ta faɗa da bakinta.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Kina da gidanki da shagonki, ga ƙafa, ga nisan hanya. Na lissafa dangi mata kaf, Yaya, daga Goggo da ba ta gani sai ke. Tun da Inna ta rasu ke kika goye ni, ban taɓa zaton zan dawo da girmana in ce ki sake goya ni ba. Ko wata shida ne, kafin a canja mini aiki. Ki nuna wa maigidanki wannan takarda, ki ce ina durƙushe a gabansa.

Sai abu na ƙarshe, ki yafe mini. A zaman da ya wuce alƙali ya sake yi mini tambayar nan, na duba na ga takwararki ta leƙo ta tagar harabar, sai na ji bakina ya ce yayata tana hanya. Ya rubuta. Zama na gaba farkon watan gobe ne, kuma ya ce yana son ya gan ki.

Ki gaishe mini da maigida, da babban yaya da iyalinsa, da amaryarmu da jaririnta. Baba yana gaishe ki, bai san na rubuto ba.

Taki ƙanwa, mai jiran amsarki.