Mun Kai Gorarka Zahir, Baba

Tandabawi, Makka
Asabar, da hantsi

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta taɓa zuwa hannunka ba. Ko kana nan ma miƙo mini za ka yi ka ce in karanta maka, tunda idonka ya daɗe da yin faɗa da ƙananan rubutu. Yaya Usman yana zuwa wajenka duk Juma'a ya yi maka sallama, mu kuwa mata ka san ba ma shiga maƙabarta a garin nan. Shi ya sa na ɗauko biro, don jiya wani abu ya faru, kuma kai kaɗai nake son in ba wa labarinsa daga farko.

Gida lafiya lau. Yaya Usman yana nan yana jan bas ɗin alhazai a tashar Kudai, tumbinsa ya kusa taɓa sitiyari. Jikarka Amal ta gama jami'a, ta samu aiki, Hausarta dai tana nan yadda ka bar ta, kalma biyu sai ta zame ta faɗa Larabci. Tsohon mukayyif ɗin nan mai sanyaya ɗakinka, wanda kake buga wa tafin hannu in ya tsaya, shi ma ya cika a watan zafi. Babu wanda ya iya bugun irin naka.

Inna ce ba lafiya, ko in ce ba ta kasance lafiya ba sai jiya. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarka. Ta gama takaba tuntuni, amma ƙafarta ba ta tsallake dokin ƙofa ba. Harami da muke jin kiran sallarsa daga tsakar gida, ko shi ta ƙi zuwa. Abinci cokali biyu ta ture. Likita ya zo har gida ya ce in ba ta riƙa takawa ba ƙafafun za su riƙe, daga nan kuma sai kwanciya. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a banɗaki inda ba za ta ji ba. Wallahi Baba na fara tsoron bin ka take shirin yi, a hankali, muna kallo.

Ran Talata Amal ta shigo da labarin wani biki da ake yi a unguwar Zahir, na tuna Makkar da. Sun gina unguwa guda da katako, da lunguna da tagogi masu sassaƙa irin na gidajen da aka rushe, mutane suna sa kayan zamanin kakanni suna yawo a ciki, ana sayar da abincin da. Ta zauna a bakin gado tana nuna wa Inna hotuna a waya, Inna tana kallon bango. Sai aka zo kan hoton wani mutum da ya yi shigar saƙƙa, mai kai ruwa gida-gida, ya rataya garwa biyu a sanda. Inna ta fizge wayar, ta kai ta dab da ido, ta ja wani dogon tsaki. Baba, tsakinta na farko ke nan tun ranar da aka fita da kai. Ni da Amal muka kalli juna kamar an yi mana bushara.

Inna ta ce za ta je ta ga wannan shirme da idonta. Amma da sharaɗi, sai an tafi da gorarka, wadda kake rataya garewani lokacin da kake saƙƙa.

Kwana uku muka yi muna shiri kamar masu aurar da 'ya. Amal ta kai wa tela yadi aka ɗinka mana doguwar riga irin ta matan attajiran Makka na da, da farin mayafin da ake naɗawa a ka. Yaya Usman ya samo rawani mai ruwan ɗorawa da 'yar shara, ya tsaya gaban madubi ya naɗa ya kwance ya fi sau goma, duk wanda ya naɗa sai ya karkace kamar kwanon da aka kife a kan tulu. Inna ta sa aka jawo mata akwatinta na ƙarfe da ta hana kowa taɓawa. Da aka buɗe, ƙamshin kanumfari da turaren wuta ya cika ɗakin, ta fito da baƙin zanen da ta ce da shi ka fara ganinta a bene na uku, ranar da ka kai ruwa gidan da iyayenta suke haya. Ka taɓa gaya mana haka? Kai kullum cewa kake ba ka taɓa ɗaga kai a gidan mutane ba.

Gorar tana saman kabad inda ka ajiye ta tun shekarar da famfo ya shigo unguwa. Na sauko da ita, na goge ƙura, Inna ta shafe ta da man zaitun da hannunta. Tsakiyarta ta yi baƙi ta yi santsi, daidai inda take zama a kafaɗarka. A ɗaure da ita akwai 'yan allunan katako guda biyu da kake ɗorawa a kan ruwa don kada ya fantsama. Garewanin kam ka san inda suka ƙare, su ne Inna take shuka na'ana'a a ciki a kan soro.

To ga abin da na yi, kuma ba zan ɓoye maka ba. Jiya da la'asar, kowa ya shirya, mota tana ƙofa, sai na fara kawo dalilai. Na ce gorar ba za ta shiga mota ba. Na ce masu tsaron ƙofa ba sa barin a shiga da sanda. Na ce za mu ɓatar da ita a cikin taro. Inna ta dube ni na ɗan lokaci, ta zare abayarta, ta ninke, ta kwanta ta juya wa ɗakin baya.

Ita ta san abin da ke damuna, ni ma na sani. Shekarata hamsin da biyu, ina da 'ya mai digiri, amma na ɗinka rigar matan attajirai don in shiga taron mutanen Makka ba tare da kowa ya tuna ni 'yar waye ba. Ka tuna lokacin da nake aji shida, kana zuwa ɗaukata daga makaranta? A lokacin ka daina ɗaukar ruwa, kana da ɗan kantinka, amma tafiyar ba ta bar ka ba. Kafaɗar dama a sauke, gajeren taku, gwiwa tana lotsawa kamar har yanzu da garwa a jikinka. 'Yan ajinmu suna kwaikwayonka a tsakar makaranta suna dariya. Wata rana a bakin ƙofa ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni ko wancan saƙƙan babana ne. Na ce a'a, maƙwabcinmu ne da ake aikowa. Shekara arba'in ina ɗauke da wannan kalma. Sau nawa na zauna kusa da kai a asibiti da niyyar in faɗa, sai in tambaye ka ko kana son shayi?

Na tsaya ina kallon bayan Inna, ya ƙanƙance kamar na yarinya. Sai na ɗauki gorar na sauka da ita. Ashe tana shiga mota sarai, in an zura ta daga but ta bi tsakanin kujeru, kanta ya tsaya dab da kunnen Yaya Usman. Haka ya ja mu har Zahir yana mita.

A ƙofa kuwa babu wanda ya hana, mai tsaron ma cewa ya yi masha Allah. Yaya Usman yana tura Inna a keken marasa lafiya, Amal tana gaba tana ɗaukar hoto, ni kuma ina baya da rigar siliki da gorar ɗan ga-ruwa a hannu. Da ka gan ni da ka yi dariya har ka yi tari. Wurin ya yi kyau, ba zan rage musu ba. Ga masu balila, dafaffen waken nan nasu, suna kira, ga sobiya mai sanyi, ga samari suna juya sanduna a filin rawa, ga wani yana gasa tsirenmu yana kiransa abincin Makkawa na asali. Na so in tsaya in tambaye shi daga wane gari kakansa ya taso, Amal ta ja ni.

A tsakiyar lungun muka haɗu da saƙƙan nasu. Ƙato ne, jajir, da agogo a hannu. Sandarsa bututun roba ne da aka shafa wa fenti, garewanin rabi-rabi, yana taku dogo-dogo kamar mai sauri zuwa ofis, ruwa yana watsuwa a ƙafafunsa da na mutane. Inna ta buga hannun keken ta ce a tsaya. Kafin mu ankara ta dafa ta miƙe. Ta tare bawan Allah nan da Larabcinta na tsofaffin unguwa, ta ce masa wanda ya zubar da ruwa haka a zamaninsu ko bene ɗaya ba za a bari ya hau ba. Mutumin kirki ne, ya yi dariya, ya sumbaci kanta, ya sauke kayan ya ce ta koya masa.

Ta sa aka cika garewanin har wuya, ta ce rabin garwa ya fi cikakkiya rawa. Ta ɗora allunanka a kan ruwan. Ta karɓi gorar daga hannuna, ta zura igiyoyin a tsagin da ka yi musu da wuƙa, sannan ta nuna Yaya Usman da baki. Ya waiga ko akwai wani Usman ɗin a bayansa. Ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga, rawanin ya faɗi, taku uku ya jiƙe wandonsa. Mutane suka fara taruwa.

Sai Inna ta soma tafi. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, tana gaya masa ya rage taku, ya bar gorar ta lanƙwasa ta dawo kafin ya ɗaga ƙafa, kada ya yi kokawa da ita, ya bi ta. Ya bi. Ruwan ya kwanta. Ya miƙe lungun yana kiran a ba da hanya yadda kake yi a matakalar gidajen mutane don mata su shige ciki, Inna tana binsa a baya tana tafi. Baba, da ƙafarta. Har ƙarshen lungun, ta juyo da shi, suka dawo. Keken yana can an manta da shi, Amal ta zauna a ciki tana ɗaukarsu a waya tana kuka. Ni kuma daga baya na ga kafaɗar dama ta sauka, na ga gwiwa tana lotsawa, na rantse kai na gani. Fuskar Inna sharkaf da hawaye amma ba ta ɓata tafin ko sau ɗaya ba.

Wata dattijuwa Balarabiya da ke tsaye kusa da ni, da zobban zinariya a yatsu, ta dubi rigata ta tambaye ni inda muka san wannan aiki haka. Na ji tsohuwar amsar nan ta taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Na ce mata mahaifina saƙƙa ne, shekara ashirin yana hawa benayen garin nan da wannan gorar, da ita ya ciyar da mu. Na faɗa da ƙarfi har na kusa da mu suka juyo. Ta ce gidansu a bene na huɗu yake, kuma tana yarinya ba ta taɓa tunanin ƙafar wa take kawo musu ruwan ba. Ta tambayi sunanka ta yi maka addu'a.

Bayan magariba muka zauna a benci, Inna ta cinye tsinken tsire biyu tana kushe yajin. A nan, tana lasar yatsa, ba ta ko kalle ni ba, ta gaya mini cewa ka ji. Ranar nan a ƙofar makaranta kana kusa, ka ji abin da na ce. Shi ya sa daga ranar ka koma tsayawa can ƙarshen layi, a gindin katangar mai burodi, sai na ƙaraso mu tafi. Ni duk zatona inuwa kake bi. Ta ce ranar ta so ta zane ni, ka hana. Wai ka ce sunan mahaifiyarka gare ni, ni uwarka ce, in uwa ta ce ɗa ya tsaya daga nesa sai ya tsaya.

Don me ba ka taɓa nuna mini ba, Baba? Shekara arba'in kana kirana Uwata, kana ajiye mini tsokar da ta fi laushi, kana sane?

Yau da asuba Inna ta riga ni tashi. Ta sha koko kofi guda, ta tambayi inda aka kai takalmanta na fita, ta ce Juma'a mai zuwa a Harami za ta yi salla kuma kada wanda ya kawo mata keke. Yaya Usman ya bugo waya wai kafaɗarsa ta kumbura, yana ta shafa man zafi, ya ce bai san da me aka yi ka ba. Gorar ba ta koma saman kabad ba. Na jingine ta a falo, inda duk baƙon da ya shigo zai gan ta ya tambaya.

Ka yafe mini. Na san ka riga ka yafe tun a gindin katangar nan, amma ina so in roƙa da bakina. Allah Ya jiƙanka, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mutanen garinSa. In Ya ƙaddara muka haɗu, don Allah kada ka tsaya daga nesa. Ka zo har bakin ƙofa, zan gaya wa duk wanda ke wurin ko kai wane ne.

Sai mun zo.

Uwarka, 'yar saƙƙa,
Rakiya